Zaɓi Sonka, Ko Zaɓi Son Na'ura?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin matasa, har da wasu da suka fara furfura: "Ai wayata ta san irin waƙar da nake so." Ana faɗinta da alfahari, kamar mai yabon yaron shagonsa. Mu da sana'armu ita ce rubuta manhaja mun san abin da ke cikin tukunyar, shi ya sa maganar ba ta burge mu. Wayarka ba ta san ka ba. Abin da ta sani shi ne sau nawa ka danna, daƙiƙa nawa ka tsaya, da abin da dubban mutane masu irin dannawarka suka danna bayan nan. Da wannan ƙidayar ake zaɓa maka abin da za ka ji gobe. Da ita kuma ake yanke wa mawaƙi hukunci: ko a ji shi, ko waƙarsa ta tsufa a cikin memori.

Matsayinmu a fili yake. Gano waƙa da nuna wa wani ita aikin mutum ne, mutum mai suna wanda za a iya tare shi a tambaye shi dalili. Cikin 'yan shekaru an sakar wa na'ura wannan aiki kacokan, kuma waƙar Hausa, ta da da ta yanzu, tana cikin waɗanda suka fi kwana ciki.

Murhu mai duwatsu uku

Bari mu buɗe tukunyar, don kada a ce ƙiyayya ce kawai. Abin da ake kira algoridim ba aljani ba ne. Jerin ƙa'idojin lissafi ne da mutane irinmu suka zauna suka rubuta, bisa umarnin kamfanin da ke biyansu albashi. Kowane kamfani da irin girkinsa, amma lissafin da ke ba ka shawarar waƙa yawanci a kan duwatsu uku yake zaune.

Dutse na farko shi ne ƙidayar masu sauraro. A ce wane ya saurari waƙoƙi goma, wance kuma ta saurari tara daga cikinsu. Sai lissafi ya ce to, ta goman ma za ta so ta, ya tura mata. Ba ya buƙatar sanin abin da waƙar ke cewa, ko da wane harshe aka rera ta. A 2006 kamfanin Netflix ya sa gasar dala miliyan 1 ga duk wanda ya inganta masa irin wannan lissafi a kan fina-finai. Abin da ya miƙa wa masu gasar shi ne maki fiye da miliyan 100 da 'yan kallo suka ba fina-finai. Aka ci gasar a 2009 ba tare da lissafin ya kalli fim ko ɗaya ba.

Dutse na biyu shi ne rubutu: sunan mawaƙi, sunan waƙa, rukunin da aka sa ta, da abin da ake rubutawa a kanta a intanet. Na uku shi ne sautin kansa, wanda na'ura ke aunawa. A 2014 Spotify ya sayi wani kamfani mai suna The Echo Nest, wanda ya ƙware a waɗannan biyun. Shekara ɗaya bayan nan ya fito da Discover Weekly, jerin waƙoƙi 30 da ake haɗa wa kowane mai sauraro duk ranar Litinin. Spotify bai shigo Nijeriya da Ghana ba sai a Fabrairun 2021. Boomplay ya riga shi tun 2015, kuma a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel yake zuwa, ba sai ka nema ba. Ga YouTube, ga Audiomack, ga TikTok. A wurin mawaƙin Landan ko na Legas duwatsun nan uku a tsaye suke. A wurin mawaƙin Hausa kowanne da irin karkacewarsa.

Wa ake ƙirgawa?

A ina ake jin waƙar Hausa? A cikin adaidaita sahu, a shagon tela, a teburin mai shayi, a gidan biki, a tashar mota, a rediyon da manomi ya rataya a reshen bishiya. Ta memori take yawo, ta Xender da Bluetooth, ta zaurukan WhatsApp. Duk wannan sauraro ba ya shiga littafin kowane kamfani. Direban da ya shekara ashirin yana jin Shata tsakanin Kano da Legas, a idon lissafi bai taɓa jin Shata ba. Wanda ake ƙirgawa shi ne mai data da babbar waya, sai ɗanɗanon wannan ɗan rukuni ya zama shi ne wai abin da Hausawa ke so.

Ga kuma matsalar da duk mai wannan sana'a ya sani, mu kira ta matsalar baƙo. Waƙar da ba a saurara ba, ba ta da ƙidaya. Wadda ba ta da ƙidaya, ba a tura ta. Wadda ba a tura ba kuwa, wa zai saurare ta? Kamar mai neman aiki ne aka ce sai ya kawo shaidar ya taɓa yin aiki. Ita kuwa wadda ta samu gaba, kullum ƙara mata ake yi.

Kada a ce ai wadda ta fi daɗi ce ke samun gaba. A 2006 wasu masu bincike uku na Jami'ar Columbia da ke Amurka, Salganik da Dodds da Watts, suka wallafa sakamakon wani gwaji. Sun tara fiye da mutum 14,000, suka ba su waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a sani ba. Rukuni ɗaya ba ya ganin abin da wasu suka sauke. Sauran rukunoni 8 kuwa, kowanne yana ganin ƙidayar 'yan rukuninsa. Inda ake ganin ƙidaya, tazarar da ke tsakanin zakara da sauran ta fi faɗi, kuma waƙar da ta yi zarra a wannan rukuni sai ka iske ta a tsakiya a wancan. Waƙoƙi mafiya kyau ba kasafai suka faɗi ƙasa warwas ba, mafiya muni ma ba kasafai suka hau sama ba, amma a tsakanin nan komai na iya faruwa. Wanda ya riga danna wa shi ke jan na baya. Abin da aka gwada da mutum 14,000, yau ana yin sa da ɗaruruwan miliyoyi, kullum safiya.

Mawaƙi ɗaya, suna biyar

Gwada ka nemi Musa Ɗanƙwairo. Za ka ga Dankwairo, ka ga Dan Kwairo, ka ga Ɗan Ƙwairo, ka ga Dankwairo Maradun, ka ga Alhaji Musa Dankwairo. A wurinmu mutum ɗaya ne, makaɗin fada da ya rasu a 1991. A wurin kwamfuta kuwa ƙ da k haruffa biyu ne masu lamba daban, haka ɗ da d, haka ɓ da b. Wasalin Faransanci mai kara a ka, irin é, akwai ƙa'idar duniya da ke warware shi ya koma e. Haruffanmu masu lanƙwasa ba su cikin wannan ƙa'ida. Sai mai rubuta manhajar ya san da su, ya kuma yi niyyar haɗa su. Idan bai yi ba, ƙidayar mawaƙi ɗaya sai ta tarwatse gida biyar, lissafi ya ɗauka ƙananan mawaƙa biyar ne da ba su cancanci a tura su ba.

Sunayen waƙoƙin ma haka. Za ka tarar da waƙar minti ashirin an raɗa mata "tsohuwar waƙa mai ratsa zuciya". Babu sunanta na gaskiya, babu wanda aka yi wa ita, babu shekara, babu kayan kiɗan, wani lokaci ma hoton wani mawaƙin aka liƙa. Idan aka zo sa ta a rukuni, ko a jefa ta cikin Afrobeats, ko cikin buhun da ake kira kiɗan duniya, laƙabin da masu sayar da faifai suka amince da shi a Landan a 1987 don su samu kantar da za su jera abin da ba na Turawa ba. Narambaɗa da kotso, Jankiɗi da taushi, Shata da kalangu, Ɗan Maraya da kuntigi, Garba Supa da kukuma, Haruna Uje da gurmi, Barmani Choge da ƙwarya: kowanne fage ne mai zaman kansa, da masu sauraronsa, da wurin da ake yin sa. Waƙar fada daban, ta dambe daban, ta noma daban, amada daban. Duk an ɗure su a buhu ɗaya.

A nan ba za a ɗora wa Bature laifin shi kaɗai ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu ɗora waɗannan waƙoƙi babu suna babu shekara 'yan gida ne, kuma da yawansu ba waƙar ce ta dame su ba, yawan masu kallo suke nema.

Abin da awo ba ya kamawa

Na'ura tana auna sauti, gaskiya ne. Tana gane saurin bugu, da ƙarfin ƙara, da ko kiɗan ya dace da rawa. Amma nauyin waƙar Hausa a harshe yake. Abin da ya sa Bakandamiyar Narambaɗa ta zama Bakandamiya ba saurin kotso ba ne, yadda ya sarrafa magana ne, da wasa kai, da hikimar da har yau malaman jami'a ke warwarewa. Abin da ke tayar da tsikar jiki a waƙar Shago ta Ɗan Anace kirari ne da zuga. Waƙar Karen Mota ta Ɗan Maraya tsirkiya ɗaya ce da murya ɗaya, awo zai ce ba ta da ƙarfi, alhali rayuwar talaka ce a cikinta. Zambo, habaici, kirari, ba'a: babu ma'aunin da aka yi musu.

Sai maganar daƙiƙa 30. A Spotify ba a ƙirga sauraro sai an kai nan, kuma duk waƙar da ake yawan tsallakewa tun farkonta, lissafi yana ɗaukar haka a matsayin shaidar ba a son ta. To waƙar fada ba haka aka gina ta ba. Kiɗa ne zai fara, 'yan amshi su kafa gindi, jagora ya riƙa saƙa ɗiya ɗaya bayan ɗaya, zaƙin ya zo a minti na biyar ko na goma. Waƙa ce ta mai haƙuri. Sannan waƙar minti ashirin da ta minti biyu sauraro ɗaya-ɗaya ake rubuta musu, kuɗinsu ɗaya. Ka ga tun daga ma'auni an riga an kayar da ita.

Ba sadaka ake yi ba

Wanda ya ce na'ura ba ta da son kai, ya manta tana da ubangida. Manufar lissafin ita ce ka daɗe a cikin manhaja, ka ga talla ko ka sabunta biyan wata. Waƙar da za ta girgiza ka, ta sa ka ajiye waya ka yi shiru kana tunani, ba ta da amfani ga wannan manufa. Wadda ta yi kama da ta jiya, wadda ba za ta sa ka miƙa hannu ka canza ba, ita ce abin so.

Dubi yadda ake rabon kuɗin. Abin da ka biya ba ya tafiya kai tsaye ga mawaƙin da ka saurara. Ana zuba shi a tukunya ɗaya ne, a raba gwargwadon yawan sauraro, mai babban kaso ya kwashi babban rabo. Daga 2024 Spotify ya ƙara sharaɗi: waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, ba ta da ko sisi a wannan rabo. Kuma ana ɗora sababbin waƙoƙi wajen dubu 100 a kowace rana a irin waɗannan manhajoji. Ka auna matsayin matashin da ya haɗa kuɗin situdiyo da guminsa a Gusau ko Maraɗi a cikin wannan ambaliya.

A ƙarshen 2020 kamfanin ya bayyana wani tsari mai suna Discovery Mode. Mawaƙi ko kamfaninsa zai yarda a zaftare masa kashi 30 cikin 100 na kuɗin sauraron da aka samu ta wannan hanya, shi kuma lissafi ya riƙa tura waƙar gaba. Kai mai sauraro ba za ka ga wata alama a jikin waƙar ba, za ka ɗauka wayarka ce ta gano maka. Tun 1960 dokar Amurka ta wajabta wa gidan rediyo ya faɗa idan an biya shi don ya sa waƙa. Abin da aka hana mai gabatar da shiri ya yi a ɓoye, an canza masa riga an ba lissafi. A 2025 kuma 'yar jarida Liz Pelly ta fitar da littafinta Mood Machine, inda ta bayyana yadda ake cusa kiɗan kwangila mai araha, da sunayen mawaƙan bogi, a cikin jerin waƙoƙin da mutane ke kunnawa don karatu ko barci.

Idan kiɗa ya canza

Illar ba ta tsaya ga tsofaffin waƙoƙi ba. Idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, kuma mawaƙan yau ba wawaye ba ne, sun ga inda kasuwa ta nufa. Amshi ya dawo farkon waƙa. Baitoci sun gajarce. Ana gina waƙa sukutum don daƙiƙa goma sha biyar da za a yi rawa da su a TikTok, sauran mintunan cikon benci ne. Da zarar wata ta yi tashe, kafin wata ya ƙare an haifa mata ƙanne ashirin masu kiɗa ɗaya da kalmomi ɗaya, domin lissafi mai kama da ta jiya yake nema.

Ba waƙar zamani muke zagi ba. Jaruma ta Hamisu Breaker ta ci sunanta a 2020, Warr ta Ado Gwanja ta riƙe gari a 2022, kuma kowace al'umma tana buƙatar waƙar biki da ta soyayya. Wanda ya saurari Aminu Ala ya san fiyano ba ya hana zurfin Hausa. Dattawan da ke cewa waƙa ta mutu tun rasuwar Shata a 1999, su ma na'urar ce ta yaudare su: abin da aka turo saman ruwa kawai suke gani, sai suka ɗauka kogin ke nan. A ƙarƙashi akwai masu gambarar zamani a Jos da Kaduna da ke wasa da harshe yadda zai ba manazarci aiki. Akwai masu gurmi da garaya da har yau suke kiɗa a ƙauyuka da kasuwanni. Akwai mata masu murya da ba su da ubangida a masana'antar fim. Akwai mawaƙan Damagaram da Yamai da ɗan Kano bai taɓa jin sunansu ba, alhali harshe ɗaya suke yi. Waɗannan su ne masu zaman kansu, kuma su ne baƙin da ƙofa ba ta buɗe wa.

Abin da za a ce mana

Za a ce intanet ta buɗe ƙofa, yau yaro na iya ɗora waƙarsa ba tare da ya durƙusa wa kowa ba. Haka ne, kuma alheri ne. Amma ɗorawa daban, a ji ka daban. Ita Jaruma da ake kafa hujja da ita, mutane ne suka ɗauke ta. Matan aure ne suka riƙa ɗaukar bidiyo suna yi wa mazajensu rawa a lokacin kullen korona, ana tura wa juna, ana muhawara a kai. Na'ura ta ga ƙura ta tashi ne ta bi sahu.

Za a ce mutane ma suna da son kai, mai gabatar da shiri yakan fifita abokinsa, wani ma yakan karɓi na goro. Wannan ma haka ne. Sai dai shi yana da suna da murya. Ana iya rubuta wa gidan rediyon takarda, ana iya tare shi a wurin ɗaurin aure a gaya masa gaskiya, ana iya murɗa akwati a koma wata tasha. Son kan mutum goma mabambanta yakan bar wa baƙo ƙofa ko da ɗaya ce. Son kan lissafi ɗaya da ke cikin aljihun kowa, ina za ka kai ƙararsa?

Za a ce masu tura waƙa a kasuwar waya ba sa biyan mawaƙi. Gaskiya ne, mawaƙa sun daɗe suna kuka da wannan, kuma kukansu yana kan hanya. Ba wannan ɓangaren muke karewa ba. Abin da muke nunawa shi ne kunnen. Mai turi a Farm Centre ta Kano zai tambaye ka, na biki kake so ko na hanya? Ya san wanda ya fito jiya, ya san wanda ya dace da tsohuwa da wanda ya dace da amarya, kuma yakan saka maka ɗaya da ba ka tambaya ba, ya ce je ka ji wannan, in ba ta yi ba ka dawo. Ya sa sunansa a kai ke nan.

Masu kunne

Duk inda waƙar da ba ta da gata ta tsira, in ka bi sawu za ka tarar da mutum. Shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna ya haɗa masu sauraro daga Nijeriya da Nijar da Kamaru da Ghana, har suka kafa ƙungiyoyi suna ziyartar juna. Mutum ne ke zaɓen waƙa, ya faɗi sunansa da garinsu, ya ce ga waɗanda yake gaisarwa da ita. Waƙa ta zama saƙo tsakanin mutum da mutum.

Dubi Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Abzinawan Nijar. A Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin gyaran muryar da ake yi wa waƙoƙin fina-finan Hausa. Babu kamfanin da ya rarraba shi. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka ratsa Sahara. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya a cikin waƙoƙin da ya tattara daga wayoyin mutane a arewacin Mali, ya sa ta a tarin Music from Saharan Cellphones a 2011, ya bi sawun mawaƙin har ya same shi. A 2021 kamfanin Matador na Amurka ne ya fitar da kundinsa Afrique Victime, yau kuma yana kiɗa a manyan dandamalin duniya. Farkon wannan tafiya matasa ne da Bluetooth, kowa na ce wa abokinsa karɓi wannan. Shi dai wannan Kirkley ne ya fitar da tarin waƙoƙin fina-finan Hausa mai suna Harafin So a 2013. Abin tambaya shi ne me ya sa sai baƙo ya zo ya yi.

A can ƙasashen da aka ƙera na'urar ma haka tarihin yake. A 1952 Harry Smith ya zaɓo waƙoƙin gargajiyar Amurka 84 daga tsofaffin faya-fayan da aka manta da su, ya rubuta ɗan bayani a kan kowace, kuma daga wannan tari su Bob Dylan suka sha. John Peel ya riƙe shiri a rediyon BBC daga 1967 har rasuwarsa a 2004 yana sa waƙoƙin yaran da ba wanda ya sani, da dama daga cikinsu suka zama manya. Da ƙidaya suka bi, da ba su sa ko ɗaya ba.

Mu ma muna da masu kunne. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa a Makaɗa da Mawaƙan Hausa. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun rubuta Shata Ikon Allah. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana nazarin kiɗan Hausa na da da na zamani. Ga kundayen digiri jibge a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato. Ilimin yana nan, a takarda yake kwance, wurin da matashi mai waya ba ya zuwa, lissafi ma ba ya gani.

Aikin da ke gabanmu

Ba cewa muke a jefar da waya ba. Cewa muke a mayar da na'ura matsayinta na ɗan aike, a karɓe mata rawanin da ba ta gada ba. Kuma kowa da nasa kason.

Mai ɗora tsohuwar waƙa, ka rubuta sunan mawaƙin daidai, da lanƙwasa da kuma babu lanƙwasa. Ka sa sunan waƙar, da wanda aka yi wa, da kayan kiɗan, da shekarar in ka tabbatar. Minti biyu zai ɗauke ka.

Mu masu rubuta manhaja namu ya fi nauyi. Duk akwatin bincike da ya fita daga hannunmu ya san ƙ da k 'yan uwa ne. Rumbunan bayanai irin MusicBrainz da Wikidata da Wikipedia ta Hausa a buɗe suke ga kowa, kuma manhajoji da yawa daga nan suke ɗiba. Mutum ashirin da suka san aikin, kowa ya ɗauki makaɗi biyar ya shigar da sunayensa da waƙoƙinsa daga littattafan malaman nan, makaɗa ɗari ke nan sun samu takardar shaida. Ba sai an jira tallafi daga waje ba.

Gidajen rediyon da suka ɗauki muryoyin makaɗan nan tun suna raye, na Kaduna da na Kano da Rima ta Sakkwato da Muryar Sahel ta Yamai, su sani zaren kaset ba ya jiran kasafin kuɗi. Zafi da ƙura da damina suna cin sa. A juye shi zuwa kwamfuta da cikakken bayani, a kuma nemi magadan mawaƙan a ba su haƙƙinsu.

Mujallun adabi da ke sharhin littafi su buɗe fagen sharhin waƙa. Labarin auren mawaƙi da rigimarsa da abokin sana'a ya ishe mu. Muna son wanda zai saurari kundi daga farko zuwa ƙarshe ya ce baiti kaza ya yi, baiti kaza aro ne, kiɗan nan ya danne murya, ga wata yarinya a Katsina da ya kamata a ji. Ya sa sunansa a ƙasa, wanda bai yarda ba ya mayar masa da martani.

Mawaƙa matasa, kun fi mu sanin halin kasuwa, ba za mu ce ku ƙi cin abinci ba. Amma a kowane kundi ku bar waƙa ko da ɗaya ce da ba a yanka ta don rawar daƙiƙa goma sha biyar ba. Yayi yana wucewa, kuma na'urar da ta ɗaga ku bana ba ta san ku ba baɗi.

Kai kuma mai sauraro, naka ya fi sauƙi. Kashe maɓallin da ke sa waƙa ta biyo waƙa da kanta, ka zaɓa da hannunka. In ka fara waƙa, ka ba ta haƙƙinta har ƙarshe kafin ka yanke mata hukunci. Ka tambayi mahaifiyarka wace waƙa aka yi a bikinta, ka tambayi ƙanenka wa suke ji a makaranta. Sannan sau ɗaya a mako ka tura wa mutum ɗaya waƙa ɗaya, ba zaure guda ba, ka rubuta masa layi biyu: ga wanda ya yi ta, ga abin da ya sa na tuna da kai, ka kula da abin da ya faɗa a minti na huɗu. In mawaƙin yana raye kuma yana da inda ake sayen waƙarsa, ka saya. Wanda ka tura wa zai iya dawowa ya ce maka ba ta yi ba, ku yi gardama, ya turo maka tasa.